Tsofaffin Sojan Bama na Katsina da Iyalansu

Tsofaffin sojan Bama su ne dakarun ƙasa da suka yi wa Ingila yaƙi cikin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, wanda talakawa suka fi sani da Yaƙin Hitila, kuma ƙasar Katsina ta ba da nata rabo cikin mutum fiye da 100,000 da aka ɗiba a Nijeriya. Ƙofar Kaura ta birnin Katsina, wadda ta ci sunan Kaura, jagoran rundunar Katsina tun zamanin sarakunan Haɓe, ita ce ke fuskantar hanyar Kano. Da yake dogo bai iso birnin ba, ta wannan hanya sabon soja kan bi a bayan mota har ya riski jirgin ƙasa, ya wuce Zariya wurin horo, daga nan sai Ikko da bakin teku. Ta hannun Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da hakimansa da dagatai aka yi ɗibar, wani ya kawo kansa saboda kwaɗayin albashin da bai wuce kimanin sule guda a rana ba, wani kuwa dagaci ne ya nuna shi don ya cika adadin da aka yanka masa.

Fagen farko shi ne Gabashin Afirka, inda birged ɗin Nijeriya ya kori Italiyawa, ya shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, ya zarce har Harar ta ƙasar Habasha. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka kai su Indiya, sannan Bama, su kara da Japanawa. Runduna ta 81 ta keta kwarin Kaladan, dajin da babu hanyar mota, har ya zama jirgin sama ne ke jefo musu guzuri, wasu daga cikinsu kuma, waɗanda aka ɗauka a matsayin 'yan dako, suna ɗauke da harsashi a ka. Bataliyoyi uku na Nijeriya sun shiga rundunar Janar Wingate da aka sauke a bayan abokan gaba a 1944, a Janairun 1945 kuma aka ci garin Myohaung. Da Hausa ake ba da umarni a yawancin bataliyoyin nan, kuma Sarki Usman Nagogo, wanda ya gaji mahaifinsa Dikko a 1944, ya tafi da kansa har Indiya da Bama ya gana da sojojin.

Duk wannan an rubuta shi, har ma an sa wa barikoki sunayen wuraren, kamar Dalet da Kalapanzin a Kaduna, na Zariya kuma ya ci sunan rundunar Wingate, wato Chindit. Abin da marubuta suka yi wa riƙon sakainar kashi shi ne halin gidan da sojan ya bari, alhali a nan rabin tarihinsa yake. A zaman lafiya matar soja tana tare da mijinta a bariki, ƙarƙashin magajiya mai sasanta rigingimun mata. Amma da aka ƙetare teku sai mata suka koma gidajen iyaye ko na surukai, suna dogara ga ɗan abin da ake yankewa daga albashin miji a biya su ta hannun hukuma, suna jiran wasiƙar da wani zai karanta musu, ko labarin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda Malam Abubakar Imam, tsohon malamin Midil ta Katsina, yake shiryawa a Zariya. Idan shiru ya yi tsawo, magana sai ta koma gaban alƙali, domin a mazhabar Malikiyya matar da aka yanke wa ciyarwa tana da haƙƙin neman a raba aure, kuma littafin Risala ya yanka wa matar wanda ya ɓace shekara huɗu daga ranar da ta kai ƙara, sannan iddar mamaci. Ba laifin kowa ba ne, in an yi adalci, cewa wani ya komo ya tarar matarsa tana goyon ɗan wani.

Yawancin sojojin a 1946 aka sallame su, da lambobi a ƙirji da ɗan kuɗin sallama wanda sau da yawa sadaki da kayan aure suka lashe. Wata doka ta 1945 ta umarci ma'aikatu su ba su aiki, sai wasu suka zama 'yan doka da masinjoji da masu gadi, waɗanda suka koyi tuƙi suka kama mota, mafi yawa kuwa suka koma gona. Da yaƙin basasa ya tashi a 1967, jim kaɗan bayan Hassan Usman Katsina, ɗan Sarki Nagogo, ya bar kujerar gwamnan soja na Arewa, aka sake kiran masu sauran ƙarfi daga cikinsu, suka mai da kaki suna da furfura, wasu a bataliya ɗaya da sa'o'in 'ya'yansu. Ƙungiyar tsofaffin soja ta ƙasa ce ke riƙe da al'amuran waɗanda suka rage da zawarawansu, kuma ranar tunawa da su, wadda dā ake yi ran 11 ga Nuwamba, an mai da ita 15 ga Janairu.