Kufan Alkalawa da fim ɗin ban tsoron da ba a yi ba tukuna

1/ Masu shirya fim ɗin ban tsoro a Kannywood, ku ɗan matso. Kullum sai a shafa wa aljani hoda, a kunna koriyar fitila, ya yi ta ƙyaƙyata dariya. Wa wannan zai tsorata? Ni ɗan Tozai ne, kuma a ganina abin da kuke nema yana nan ƙasar Gobir, a kufan Alkalawa.

2/ Alkalawa tana cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni ta yanzu, kusa da Gulbin Rima. Sarkin Gobir Babari ya mai da ita babban birninsa a ƙarni na 18, nan kuma Bawa Jangwarzo ya yi mulki. A 1808 rundunar jihadi ƙarƙashin Muhammadu Bello ta ci birnin, aka kashe Sarki Yunfa. Gobirawa suka watse, daga baya suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, sannan Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni.

3/ To ku duba fa. Wurin da aka yi fada da kasuwa da bargar dawaki, yau shiru. Wannan shirun shi ne jarin darakta. Kufai da magariba, iska na kaɗa kara, ba ko kukan jaki.

4/ Kayan wasa kuwa ba sai an kashe kuɗi ba. Turmi a kife. Tulu cike da ruwa a ƙofar kango. Murhu mai duwatsu uku, tokarsa da ɗumi, alhali ba kowa a garin. Wallahi tokar nan kaɗai ta fi aljani goma. Tsamiya da kuka, Bahaushe ya riga ya san su wa ke zaune cikinsu, ba sai an yi masa bayani ba. A fadar Gobir akwai sarautar Inna, uwar 'yan bori, don haka a jiyo garaya can nesa, kada a nuna mai kaɗa ta. Haka aka yi The Blair Witch Project a Amurka a 1999: daji, tarin duwatsu, itatuwa ɗaure, mayyar ko sau ɗaya ba a gan ta ba.

5/ In labarin na 1808 ne, don Allah ban da butar roba da rufin kwano. Lifidi, kwari da baka, fitilar kasko.

6/ Abin da ke min nauyi shi ne yanzu kufai ya ƙaru a Isa da Sabon Birni. Ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa, tun 2019 dubban mutane suka tsallaka jihar Maraɗi. Na ji masu cewa a je can a ɗauka tunda ba kowa. A'a. Hanyar ma ba lafiya, kuma kowane turmi da aka bari a can yana da mai shi, tana raye, wataƙila a wayar ɗanta za ta ga fim ɗin.