Daga dandali zuwa sutudiyo: yadda waƙar soyayya ta zama kundi

Wanda ya tashi a Kebbe ko Tambuwal a zamanin rediyo da garmaho ya san cewa manyan makaɗan ƙasar Sakkwato ba su ɗauki soyayya abin kaɗa kotso ba. Narambaɗa Sarkin Gobir na Isa yake wa waƙa, Salihu Jankiɗi yana fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, Ɗan Anace kuwa Shago da sauran 'yan dambe suka ɗauke masa hankali. Sarauta, noma, jarunta, nan abinci yake. Zancen so an bar wa 'yan mata a dandali, su tafa gaɗa da farin wata, sai kuma mace a bakin dutsen niƙa tana rera abin da kunya ba ta barin ta faɗa wa miji ido da ido. Babu wanda ya yi tunanin a tara irin waɗannan a faifai ɗaya a sayar.

Abin ya shigo ne ta ƙofar silima. 'Yan kasuwar Lebanon masu gidajen silima a Kano da sauran biranen Arewa sun riƙa kawo finafinan Indiya tun kafin samun 'yancin kai a 1960, mutanenmu kuma suka haddace muryoyin Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi ba tare da sun ji kalma ɗaya ba. A can aka ga saurayi da budurwa suna amsa wa juna waƙa, wannan ya ɗauka, waccan ta karɓa. Har masu begen Manzon Allah da bandiri a Kano sai da suka ari karin, suka zuba masa baitocin yabo.

Daga nan littattafan soyayya suka yi kasuwa a shekarun 1980, fim ɗin bidiyo ya biyo baya da Turmin Danya a 1990. Amma abin da ya juya akalar shi ne fiyano, wato na'urar Yamaha da mutum ɗaya zai zauna a ɗaki ya fitar da ganga da sarewa da kalangu, ba 'yan amshi, ba banga-banga. Da Sangaya ta fito a 1999, sai ya zama fim in ba waƙa, kaset ɗinsa ya kwana a shago. Mawaƙin yana ɓoye a sutudiyo, jarumi yana motsa baki yana kwashe suna.

Su Nura M. Inuwa daga Kano da Umar M. Shareef daga Kaduna ne suka fito da mawaƙi fili. Suka riƙa tara waƙoƙin so da bege da rabuwa a kundi guda mai sunansa, irin su Afra da Ranar Aurena na Nura, har masu fim suka koma bin mawaƙi suna sayen waƙa su gina labari a kanta. A ganina nan ne waƙar soyayya ta samu 'yancinta, ko da yake na'urar gyaran murya ta sa da yawansu kamar daga maƙogwaro ɗaya suka fito.

Kundin bai iso Kebbe a faifai mai kwali ba. A memori ya zo, wurin masu cajin waya da tura waƙa ranar kasuwa, inda saurayi zai ba da 'yan canji a cika masa waya, mawaƙi bai ga ko sisi ba. Yanzu ma kundin ja da baya yake yi. Jaruma ta Hamisu Breaker, da ta cika gidaje lokacin kullen korona a 2020, ita kaɗai ta yi tafiyarta daga waya zuwa waya, ba wanda ya tambayi kundin da ta fito.