Zanen Saifurus da Kuɗin Gwalkwas

Tun ina yaro a Zangon Kumasi nake jin sunan Leventis a bakin kakana. Duk lokacin da za a yabi ƙarkon wani kaya sai ya ce irin na Leventis ne. Na girma ina tsammanin sunan kanti ne kawai. Sai da na zauna haɗa wani shirin tarihi a gidan rediyon da nake aiki na gane cewa sunan mutum ne, kuma bin sawunsa ya kai ni gaban wani zane a tsibirin Saifurus da ke Tekun Bahar Rum.

An haifi Anastasios Leventis a 1902 a ƙauyen Lemythou, cikin duwatsun tsibirin. Ya zo Afirka ta Yamma yana saurayi, ya kafa kamfaninsa a Gwalkwas, wato Gana ta yau, daga baya harkarsa ta bazu zuwa Nijeriya. Ya rasu a 1978, aka kafa gidauniya da sunansa a 1979. Ita ce ta buɗe gidan adana zane-zane a Nikosiya, babban birnin ƙasar, a 2014. Wani sashe na gidan na masu zanen Saifurus ne zalla.

A wannan sashe aka kafe aikin Adamantios Diamantis mai suna "Duniyar Saifurus". An haifi Diamantis a 1900, ya yi karatun zane a Landan, ya koma gida ya koyar. Shekaru da dama yana zagaya ƙauyuka da takarda da fensir, yana zana manoma da limaman coci da dattawan da ke zaman hira a shagon gahawa. Daga 1967 zuwa 1972 ya tattara su a zane guda mai allo 11, tsawonsa mita 17.5, da mutum 67 a ciki. Ni a hoto na gan shi. Babu launi mai ɗaukar ido, babu sarki ko gwamna. Talakawa ne a jere, kowa da irin zamansa.

Shekara biyu da kammala aikin, a 1974, aka yi juyin mulki, sojojin Turkiyya suka shigo, tsibirin ya rabu biyu. Dubban Girkawa suka gudu kudu, Turkawa suka koma arewa. Ƙauyukan da aka zauna tare suka watse. Abin da Diamantis ya zana don ganin zamani na cinye shi a hankali, yaƙi ya ƙarasa shi cikin makonni.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, dukiyar da ta gina wa waɗannan dattawa masauki tana da gumin kasuwanninmu a ciki. Ban ga laifin Leventis ba, ɗa ne da ya tuna gida. Amma fataken goro da mahauta da malaman allo na zango, waɗanda suka yi zamani da shi, wa ya ajiye kamanninsu? Kakana ya rasu ban ɗauki muryarsa ko sau ɗaya ba, alhali na'urar tana cikin jakata.

Ban iya zane ba. Tun bayan shirin nan, kowace Asabar nakan je wurin dattijo ɗaya in kunna na'ura in yi shiru. Na samu goma sha huɗu. Biyu daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya.