Zafin Cikin Ƙasa da Tekun da Ya Taɓa Rufe Kwarin Rima

Ɓawon duniya ya kasu zuwa manyan faranti, kowane yana matsawa 'yan santimita a shekara. Bajamushe Alfred Wegener ne ya fito da batun matsawar nahiyoyi a 1912, yana kafa hujja da yadda gaɓar yammacin Afirka ta dace da ta Kudancin Amurka. Masanan zamaninsa suka yi watsi da shi, domin bai iya nuna abin da ke tura nahiyoyin ba.

Amsar ta zo wajen 1930 daga Arthur Holmes na Ingila. Ya ce cikin ƙasa akwai zafi, wani ragowar na farkon samuwar duniya, wani kuma daga rugujewar ma'adinai irin su yuraniyam, wanda ake haƙowa a Arlit ta Nijar. Zafin nan kan sa dutsen da ke ƙarƙashin ɓawon ya riƙa juyawa sannu a hankali, mai zafi ya taso, wanda ya huce ya nutse, kamar kunu a kan wuta. Sai a shekarun 1960, bayan Harry Hess ya bayyana yadda sabon ɓawo ke fitowa a tsakiyar teku, aka amince da batun matsawar nahiyoyin.

Ƙasar Gobir na da rabonta a wannan tarihi, abin takaici ba a cika koya wa yaranta shi ba. Fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce Afirka ta rabu da Kudancin Amurka. Sabon ɓawon teku mai zafi yakan kumbura, ya tura ruwa kan tudu, shi ya sa teku ya ratso Sahara har ya kwanta a kwarin Iullemmeden, wanda Sakkwato ke gefensa na kudu. Tun kafin zuwansa koguna sun shimfiɗa yashi, tsakuwa da yumɓu a kan tsohon dutse. Su ne mai haƙa rijiya a Isa da Sabon Birni yake cika guga da su, masana kuma suka raɗa wa shimfiɗar sunan Gundumi.

Gaba kaɗan wajen yamma tekun ya bar shaida ƙarara. A yankin Goronyo an tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku, aka sa masa suna Goronyosaurus a 1972. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita a Sakkwato kuwa, ɓawon halittun teku ne da suka taru a ƙasan ruwa.