Mantle: kalmar Turanci mai riguna da yawa, da yadda ya dace a faɗe ta da Hausa

Da wuya a rantsar da gwamna, ko a naɗa babban sakatare, ko a zaɓi shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa a Katsina, ba a ji mai jawabi da Turanci ya ce wane ya karɓi mantle of leadership ba. Kalmar ta zama gishirin jawabai a Turancin Najeriya. Ita ce kuma ɗalibin sakandare ke gani a darasin labarin ƙasa, ita ce a rubuce a jikin kwalin kayan fitila, ita ce a sunan da Turawa suka ba Alburda. Wanda ya haddace mata fassara ɗaya ya riƙa liƙa ta ko'ina, wata rana zai ba wani sarautar da fada ba ta ba shi ba.

Asalinta tufa ce

Kalmar ta samo tushe daga mantellum ta Latin, ta kuma bi ta tsohon Faransanci, inda har yau Faransawa ke kiran kwat manteau. Ma'anarta ta farko ita ce tufa marar hannu da ake yafawa a kafaɗa bisa sauran tufafi. Dukkan sauran ma'anoninta daga nan suka tsiro: abin da ya lulluɓe wani abu, ko abin da aka ɗora wa mutum a kafaɗa.

A wannan ma'ana Hausa ba ta da matsala. In ta mace ce, mayafi ne. In ta babban mutum ce, alkyabba ce, kalmar da harafin "al" na farkonta ya nuna daga Larabci aka aro ta, kamar alƙalami da aljihu. Alkyabba ta shigo ƙasar Hausa ta hannun fataken Sahara, a zamanin da Katsina ke cikin manyan zangunansu. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya zo Katsina a 1851, ya ambace ta a cikin kyaututtukan da baƙo ke kai wa sarakuna in yana son a buɗe masa hanya.

Daga tufa zuwa mulki

Yadda mayafi ya zama shugabanci a bakin Turawa, labari ne daga Littafin Sarakuna na Tsohon Alkawari. A can aka ce Iliya ya yafa wa Elisha mayafinsa alamar kira, daga baya da aka ɗauke Iliya mayafin ya faɗo, Elisha ya ɗauka ya ci gaba da aikin malaminsa. Waɗannan su ne Annabi Ilyasu da Annabi Alyasa'u da Alƙur'ani ya ambata, ko da yake ƙissar mayafin ba ta zo a cikinsa ba. Fassarar Turanci ta 1611, wadda ake jingina wa Sarki James, da mantle ta yi amfani, sai karin maganar ya bazu.

A lura da abin da karin maganar ke nufi tun asali: gādo ne na aiki daga babba zuwa magaji. Ba kujera ba ce, nauyi ne. Don haka Baturen da ya san harshensa yakan yi amfani da shi ga almajirin da ya gaji malami, ko marubucin da ya cike gurbin wani. A Najeriya ne aka shimfiɗa shi har ya kai ga duk wanda aka miƙa wa makullin ofis.

A nan mai fassara ke tuntuɓe. Na taɓa gyara labarin wani matashin wakili da ya rubuta cewa sabon shugaban wata ƙaramar hukuma "ya karɓi alkyabbar shugabanci". A ido fassarar ta yi kyau, har ma da ƙamshin adabi. Amma a Katsina alkyabba ba karin magana ba ce, abu ce da ake gani a Ƙofar Soro. Ranar naɗi ake yafa wa mutum ita, a naɗa masa rawani a gaban sarki, kuma duk wanda ya karanta cewa wane ya karɓi alkyabba, abin da zai fahimta shi ne masarauta ta ba shi sarauta. Da labarin ya fita a haka, da sai mun nemi afuwar fada da ta mai karatu.

Al'adar ta daɗe. A zamanin Daular Usmaniyya, riga da rawani da alkyabba na cikin abin da Sakkwato ke aikowa don tabbatar da sabon sarki, kafin Turawa su ƙaro sandar girma bayan 1903. A gidan da ke mulkin Katsina yanzu, sarauta ta tashi daga Muhammadu Dikko zuwa Usman Nagogo a 1944, zuwa Muhammadu Kabir Usman a 1981, zuwa Abdulmumini Kabir Usman a 2008. A irin wannan gurbi kaɗai mantle da alkyabba suke haɗuwa baki da baki, har ma Hausa ta fi son ta ce rawani ya faɗa kan wane, ko ya hau karagar mahaifinsa.

Ga mulkin zaɓe da aikin gwamnati kuwa, Bahaushe ba daga tufafi ya ɗauko hotonsa ba, daga doki ya ɗauko: ragamar mulki. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya isa misali, domin ya haɗa biyun. Da ya zama Mutawallin Katsina, sarautar da mahaifinsa ya riƙe, alkyabba aka yafa masa. Da ya zama gwamna a 1999, da shugaban ƙasa a ranar 29 ga Mayu, 2007, ragama ya karɓa. Turanci zai iya kiran duka biyun mantle, Hausa ba za ta yarda ba. In kuma maganar ta malami da almajiri ce, sai a ce ya gaje shi, ko ya zama halifansa.

Gaskiya ne alkyabba ta ɗan sauko daga fada. Limamai na sa ta ranar Juma'a da Idi, ana yafa wa masu saukar karatu, amare kuma sun mayar da ita kayan biki. Duk da haka, "ba da alkyabba" a labarin jarida bai rabu da ma'anarsa ta naɗi ba.

Alburda

Mai karatu zai iya cin karo da Poem of the Mantle a rubutun Turanci ya ɗauka wani baƙon littafi ne. Alburda ce, wadda ake rerawa a zaurukan malamai da wuraren Mauludi tare da Ishiriniya. Imam Busiri na Masar ne ya tsara ta a ƙarni na 13. An ruwaito cewa ya yi fama da shanyewar jiki, ya yi mafarki Manzon Allah (SAW) ya lulluɓe shi da mayafinsa, ya farka da lafiya. Kafin shi akwai Ka'abu ɗan Zuhairu, wanda ya rera yabo a gaban Annabi (SAW) aka ba shi mayafi, kuma mayafin da ake jingina wa wannan ƙissa yana ajiye a fadar Topkapi da ke Istanbul. A nan ba fassara ake buƙata ba, a mayar wa abu sunansa: Alburda.

A ƙarƙashin ƙafafunmu

Masana kimiyyar ƙasa sun aro kalmar don ɓangaren da ya lulluɓe tsakiyar duniya. A ɗauki mangwaro: ɓawo, tsoka, ƙwallo. Ɓawon shi ne doron da muke noma da gini a kai, ƙwallon shi ne cibiyar da yawancinta ƙarfe ne, tsokar kuwa ita ce mantle. Tana farawa daga kimanin kilomita 30 zuwa 50 a ƙarƙashin nahiyoyi, ta nutsa har kusan kilomita 2,900, kuma ita ce kusan kashi 84 cikin 100 na girman duniya. Andrija Mohorovicic na Kuroshiya ne ya gano iyakarta da ɓawo a 1909, ta hanyar nazarin girgizar ƙasa. Rami mafi zurfi da aka haƙa a Kola ta Rasha ya wuce kilomita 12 da kaɗan, bai ko kusa da ita ba, balle rijiyar burtsatsen unguwa.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ce narkakken dutse ce. Ba haka ba ne. Dutse ne daskararre mai tsananin zafi, wanda ke motsi a hankali, 'yan santimita a shekara. Inda wani sashe nata ya narke ya taso ne ake samun dutse mai aman wuta, kuma irin iskar da ke tasowa daga can ce ta taru a tafkin Nyos na Kamaru ta fashe a Agustan 1986, ta hallaka fiye da mutum 1,700. Ni dai a wurin aiki "tsokar ƙasa" nake rubutawa, in ƙara ɗan bayani a karon farko. Alkyabbar ƙasa ba za ta shiga kunnen kowa ba.

Fitila da wuri

Waɗanda suka yi wayo kafin fitilun caji su cika kasuwa sun san fitilar gas ta masu shayi da masu tsire, wadda ake yi wa famfo. Ɗan farin ƙyallen nan mai kama da raga da ake ɗaurawa a bakin wutar, wanda da zarar ya ƙone sau ɗaya ko taɓa shi aka yi sai ya ruguje, shi ma mantle ne. Carl Auer von Welsbach na Ostiriya ya ƙirƙiro shi a 1885. Ana jiƙa zaren da sinadarai, wuta ta cinye zaren ta bar tokar sinadaran a tsaye, ita ce ke yin farin hasken.

Akwai kuma ma'anar da ta shafi aljihun kakannin 'yan kasuwa. Dodon koɗi da danginsa suna da wata fata mai laushi da ke fitar da sinadarin da ke gina ƙoƙonsu, sunanta mantle. A jikin halittar da ke cikin wuri, fatar takan fito ta lulluɓe bayan ƙoƙon, shi ya sa wuri ke da santsi da ƙyalli. Wurin da aka riƙa kwasowa daga tsibiran Maldif na tekun Indiya, aka yi ciniki da shi a kasuwar Katsina har zuwan Turawa, daga jam'insa muka samu kalmar kuɗi.

'Yan uwanta

Mantel, mai ƙarewa da "el", kantar da ke saman murhun jin ɗumi ce a gidajen Turai, kuma ko su Turawan suna rikita rubutun biyun. Wadda ta fi yawo a labaranmu ita ce dismantle. Asalinta tuɓe wa mutum mayafi, daga nan ta koma rushe wa birni ganuwa, wato a tuɓe masa rigarsa, kamar a ce a kwashe ganuwar Katsina daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Guga. Yau in sojoji ne da sansanin 'yan bindiga, tarwatsawa ce; in bakanike ne da inji, kwancewa ce; in shingen kan hanya ne, cirewa ce.

Ita ma Hausa ta yi wa kalmar riga irin wannan shimfiɗa. Sashe na 308 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya hana gurfanar da shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu suna kan mulki, rigar kariya muke ce masa. Muna da rigar mutunci da rigar aro, mun kuma ce mutuwa rigar kowa. Sai dai rigakafi ba ya cikin dangin: "riga" ɗinsa ta rigaye ce, wato a riga cuta yin kafi.