Labulen da Peale Ya Ɗaga

Na fara haɗuwa da Charles Willson Peale a shafin wani littafin tarihin zane-zane da ke ɗakin karatun jami'armu. Dattijo ne mai sanƙo, sanye da baƙaƙen tufafi, yana tsaye ya ɗaga jan labule da hannun dama, ya buɗe tafin hagu kamar mai gida da ke cewa baƙo bismilla. Bayan labulen dogon zaure ne, jere da akwatunan gilashi cike da tsuntsaye. Ban buɗe littafin domin wannan hoto ba, amma shi ya tsare ni har aka zo rufe ɗakin. Tambayar da na fita da ita ita ce: me dattijon nan yake so in gani, me kuma ya bari a inda labulen bai ɗagu ba?

Peale ya zana hoton a shekarar 1822, yana da shekara 81, bisa roƙon amintattun gidan tarihin da shi kansa ya kafa a birnin Filadelfiya na ƙasar Amurka. Sunan hoton da Ingilishi "The Artist in His Museum", wato mai zane a cikin gidan tarihinsa. Tsayinsa ya haura mita 2.6, faɗinsa kuwa kusan mita 2, saboda haka wanda ya tsaya gabansa tamkar ya tsaya gaban mutum ne.

An haifi Peale a Maryland a 1741. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, aka kai shi koyon sana'ar sirdi. Bashi ya yi masa katutu, ya juya ga zanen fuskokin mutane, har wasu masu hali suka haɗa kuɗi suka tura shi Landan a 1767, ya yi koyo a hannun Benjamin West. Ya dawo ya zana George Washington a 1772, ya kuma ɗauki bindiga a yaƙin neman 'yancin Amurka. A 1786 ya buɗe gidan tarihi a gidansa. A 1802 ya mayar da shi saman benen ginin da aka ayyana 'yancin ƙasar a cikinsa a 1776. Wannan bene shi ne zauren da ke bayan labulen.

Babu abin da Peale ya ajiye a hoton da ka. A gabansa, kan akwatin kayan aiki, ga gawar talo-talon daji tana jiran a feɗe ta a gyara fatar. A ɗaya gefen ga allon fenti da burushi kan tebur, ga kuma manyan ƙasusuwa a ƙasa. A sama ga gaggafa, tambarin sabuwar ƙasar. Tsuntsayen da ke bango an jera su bisa tsarin masanin halittu Linnaeus, kowane jinsi a gurbinsa, sannan a can sama da su hotunan jagororin juyin juya hali, domin a ganin Peale ɗan Adam ne ƙololuwar halitta. Cikin zauren ga uba yana yi wa ɗansa bayani, ga wani mutum ya tsaya yana nazari, ga wata mace ta ɗaga hannuwa don mamaki. Abin da ya razana ta kuwa labulen ya rufe mafi yawansa: ƙwarangwal ɗin mastodon, wata dabba mai kama da giwa da ta ƙare a doron ƙasa tun dubban shekaru.

Wannan ƙwarangwal shi ne abin alfaharin Peale. A 1801 ya je kusa da Newburgh a jihar New York, ya sa aka ƙera wata babbar ƙafar juyi mai ɗauke da bokitai don kwashe ruwan ramin da ƙasusuwan suke, aka tono su, aka harhaɗa a Filadelfiya. Lamarin ya wuce sha'awa. Masanin nan Bafaranshe, Buffon, ya rubuta cewa dabbobin nahiyar Amurka ƙanana ne, raunana, idan aka gwada su da na tsohuwar duniya. Thomas Jefferson ya yi ta musanta wannan magana da alƙalami. Peale ya amsa da ƙashi. Gani ya kori ji: wanda ya biya kuɗin shiga a ƙofa zai ga amsar da idonsa.

Har zuwa nan hoton ya gamsar da ni, kuma ina girmama niyyar mai shi. A zamanin da irin waɗannan taskoki a Turai galibi na sarakuna da attajirai ne, shi ya buɗe tasa ga manomi da maƙeri, yana mai imani cewa jamhuriya ba ta ɗorewa sai talakawanta sun ilimantu.

Sai dai da na ci gaba da karatu na gamu da sunan Moses Williams. Ya tashi bawa a gidan Peale. Peale ya 'yanta iyayensa a 1786, shi kuwa ya ci gaba da bauta har wajen 1802. 'Ya'yan gidan, waɗanda uban ya raɗa wa sunayen manyan masu zane irin su Rembrandt da Raphaelle da Rubens da Titian, an miƙa musu burushi. Moses an miƙa masa almakashi. Shi ne ya riƙa yanka hoton inuwar fuskar maziyarta a takarda, da taimakon wata na'ura, kuma dubban mutane sun koma gida da aikin hannunsa. Na duba zauren da ke hoton daga farko har ƙarshe, ban same shi ba. A ginin da aka shelanta cewa an halicci mutane daidai da juna, mutumin da ya yi shekaru yana aiki a benensa bai sami gurbi ko a bayan labule ba.

Akwai wani kuma da Peale ya zana a 1819, Yarrow Mamout, Musulmi ɗan Afirka ta Yamma da ake kyautata zaton Bafulatani ne. An kawo shi Maryland a jirgin bayi a 1752, ya sami 'yanci a 1796, ya mallaki gida a Georgetown, bai kuma bar addininsa ba. Hoton yana da mutunci ƙwarai, murmushin tsohon kamar zai yi magana. Amma abin da ya kai Peale wurinsa shi ne labarin cewa ya haura shekara 130, alhali bai wuce tamanin da 'yan kai ba. Na kasa raba zuciyata da tunanin cewa mai tara abubuwan al'ajabi ne ya je neman ƙarin abin al'ajabi, sai mai zanen da ke cikinsa ya ga mutum.

Ban kawo waɗannan don in tozarta Peale ba. Na kawo su ne domin sun koya mini yadda ake kallon irin wannan hoto. Mai ɗaga labule shi ke yanke iyakar abin da za a gani, kuma kowane gidan tarihi, komai girmansa, zaɓin wani ne.

Peale ya yi ta neman gwamnati ta karɓi gidan ta mayar da shi na ƙasa, bai dace ba. Ya rasu a 1827. 'Ya'yansa suka riƙe, bashi ya ci ƙarfinsu, aka yi gwanjon kayan. P. T. Barnum, mai sana'ar nishaɗantar da jama'a, yana cikin waɗanda suka saya, kuma gobara ta cinye da yawa daga cikinsu. Ƙwarangwal ɗin mastodon, wanda aka tono don kare martabar Amurka a idon Turai, yau yana birnin Darmstadt a Jamus. Tsuntsayen da ya shafe da guba don kada ƙwari su ci, kaɗan ne suka tsira.

Hoton kuwa yana nan a makarantar zane ta Pennsylvania da ke Filadelfiya, wadda Peale na cikin waɗanda suka kafa ta a 1805. A wani ɗakin karatu na birnin kuma an adana wata 'yar takarda mai ɗauke da inuwar fuskar Moses Williams, an rubuta sunansa da sana'arsa a jikinta. In Allah ya nufe ni da zuwa Filadelfiya, ita zan fara nema, sannan in je in tsaya gaban dattijon da labulensa.