Yadda damina ta zama jarrabawar kwamfuta

A shekarar 1975, lokacin da ƙasashenmu ba su gama farfaɗowa daga farin 1968 zuwa 1973 ba, wani masanin yanayi ɗan Amurka mai suna Jule Charney ya fito da bayanin da duniya ta yi saurin karɓa. Ya ce idan dabbobi suka cinye ciyawa, ƙasa ta zama fili fetal, farin rairayi zai riƙa mayar da hasken rana sama, iska ta riƙa sauka maimakon tashi, hadari ya kasa haɗuwa. Shi da abokan aikinsa suka gwada wannan tunani a kwamfuta. Suka ƙara hasken da ƙasa ke mayarwa daga kashi 14 zuwa kashi 35 cikin ɗari, sai ruwan Sahel ya ragu da kusan kashi 40 a cikin lissafin.

Charney ba ƙaramin malami ba ne, domin shi ya jagoranci hasashen yanayi na farko da aka yi da kwamfuta a 1950. Amma abin da lissafinsa ya nuna shi ne cewa haka na iya faruwa, bai nuna cewa haka ɗin ya faru ba. Masu tsara manufofi ba su tsaya bambance waɗannan biyun ba. Shekaru da dama aka yi ana ɗora laifin fari a kan makiyayi da mai saran itace, ana kallonmu a matsayin mutanen da suka kori ruwa da hannunsu.

Gyaran ya zo ne ta hanyar jarrabawa. A 1986 Chris Folland da abokansa a hukumar yanayi ta Birtaniya suka nuna cewa shekarun fari a Sahel suna tafiya tare da sauyin ɗumin tekuna. A 2003 Alessandra Giannini da abokanta suka ba wata manhajar kwaikwayon yanayi ɗumin tekunan duniya na 1930 zuwa 2000 kamar yadda aka auna shi, ba tare da sun taɓa lissafin ciyawa ko kiwo ba. Manhajar ta fitar da damina mai albarka ta shekarun 1950, ta kuma fitar da bushewar shekarun 1970 da 1980. Ashe babban tushen farin yana can cikin teku, nesa da garken kowa. Daga nan ƙa'idar ta ƙara ƙarfi: kafin a saurari abin da manhaja za ta faɗa game da gobe, a fara sa ta ta maimaita jiya, a kwatanta da abin da ma'aunin ruwan sama ya rubuta.

Sai dai manhajojin duniya baki ɗaya suna da aibi. Suna yanka sararin sama gida-gida kamar filin dara, kuma a wancan zamani faɗin gida ɗaya yakan kai kilomita 200 ko 300. Kano da Katsina za su iya faɗawa gida guda, tsaunukan Jos kuma su zama ɗan tudu. Don haka a 1989 Robert Dickinson da Filippo Giorgi suka fara wata dabara a Amurka: a yanki yanki ɗaya na duniya, a ƙanƙanta gidajensa, a bar babbar manhaja tana ciyar da shi da iska da danshi ta gefuna. Wannan ne asalin manhajojin yanki. Giorgi ya koma da tasa, RegCM, cibiyar ICTP a Italiya, inda masana da yawa daga Najeriya da Senegal da Gana suka koyi aiki da ita.

Babbar jarrabawar ta zo bayan an kafa shirin CORDEX a 2009, wanda ya sa Afirka a gaba. Aka ba manhajoji goma tambaya iri ɗaya: gidaje masu faɗin kilomita 50, da yanayin 1989 zuwa 2008. Sakamakon da aka buga a 2012 yana da daɗi da ɗaci. Manhajojin sun kama tafiyar damina daga bakin teku zuwa arewa da komawarta. Amma kowacce da inda take zuba ruwa fiye da kima da inda take rowa, kuma matsakaicin lissafin goman ya fi na kusan kowace ɗaya kusa da gaskiya. Zafi bai ba su wahala irin haka ba, domin yana shimfiɗuwa a faɗin ƙasa, ko da yake kuskuren digiri ɗaya ko biyu ba baƙon abu ba ne.

Inda suka fi faɗuwa shi ne wurin da kowane manomi zai iya gyara musu. Yawancinsu suna saukar da ruwa da tsakar rana, kaɗan-kaɗan, kusan kullum. Mu kuwa mun san hadarinmu: yana haɗuwa a gabas da la'asar, iska da ƙura su riga shi isowa, ya zuba kamar da bakin ƙwarya da magariba ko cikin dare, ya wuce yamma, sannan a yi kwanaki ba ɗigo. Irin waɗannan manyan hadura su ke kawo mafi yawan ruwan Sahel. Gida mai kilomita 50 ba ya iya ganin yadda girgije ke tashi, sai dai a ƙiyasta masa. Manhaja za ta iya dacewa da jimillar ruwan shekara alhali ta kuskure ranakun, kuma gero da ranakun yake rayuwa. Kwana goma sha biyar ba ruwa bayan shuka ya isa ya sa a sake neman iri, ko da jimillar shekara ta cika.

Akwai kuma matsalar da, a ganinmu, ba a cika faɗa ba: takardar amsar da ake maka jarrabawar da ita ma tana da ramuka. Kano tana da tarihin awon ruwa tun 1905, amma tashoshin da ke aika bayanai daga Afirka ta Yamma sun ragu sosai daga shekarun 1980. Tauraron ɗan adam yana cike gurbin, sai dai shi ma ƙiyasi yake yi daga sama, kuma masu binciken 2012 sun tarar bayanan da ake aunawa da su suna saɓa wa juna. Shi ya sa aikin da aka fara kewayen Yamai a 1990 yake da daraja. An dasa ma'aunai da dama a fili mai faɗin kusan kilomita 100, a birnin da cibiyar AGRHYMET take tun 1974. Suka tabbatar da lambobi abin da muke faɗa da baki, cewa ƙauyuka biyu masu maƙwabtaka kan tashi da damina biyu mabambanta. A 2006 shirin AMMA ya ƙara da jiragen sama da balan-balan na awo.

Wajen 2018 hukumar yanayi ta Birtaniya ta gudanar da manhaja mai gidajen kilomita 4.5 a kan Afirka gaba ɗaya, ƙanƙantar da ta isa girgije ya tashi da kansa a cikin lissafi. Ruwan ya koma yamma da dare, ya kuma yi ƙarfi. Saboda tsadar aikin, shekara goma kawai aka lissafa na zamaninmu da wasu goma na ƙarshen ƙarni. Ta nuna ruwa mai tsanani zai ƙaru a Afirka ta Yamma, tsawon kwanakin da ba ruwa a tsakiyar damina ma zai ƙaru. Gwada irin wannan manhaja yana buƙatar ma'aunin da ke rubuta ruwa awa-awa, alhali yawancin tashoshinmu sau ɗaya ake karanta su a rana, da safe.